Famfon Da Ke Aiki Kamar Maƙogwaro

A ƙauyukan da aka haƙa rijiyar burtsatse aka ɗora mata tanki a sama, wasunku sun ga wani ɗan akwati da ake kafawa a bango kusa da bututun da ke hawa tanki. Girmansa bai wuce rediyo ba. Yana da murfi mai haske, a ciki kuma wani abu na juyawa a hankali yana bin wani siririn tiyo. Ɗaya bakin tiyon yana cikin jarkar maganin ruwa, ɗayan kuma ya shiga babban bututu. Duk inda muka zauna da kwamitin ruwa, sai an tambaye mu ko mene ne wannan abu, me ya sa ba ya gudu, me ya sa kuma muke nacewa a kan a ajiye kuɗin sayen tiyonsa. Mun ga ya kamata mu yi bayaninsa a nan yadda kowa zai gane, domin lafiyar ruwan da yaranku ke sha tana rataye a kan wannan ɗan tiyo.

Ku dubi jaki yana shan ruwa

Idan jaki ko doki ya je rafi, kansa yana ƙasa, cikinsa yana sama, amma ruwa yana hawa ya shiga cikin. Ku lura da wuyansa, za ku ga wani motsi yana tafiya daga wajen haɓa zuwa ƙirji, ɗaya bayan ɗaya. Hanyar abinci ce take matsewa a bayan kurɓin ruwan, matsin kuma yana tafiya gaba yana kora ruwan. Haka abin yake a jikinmu. Lomar tuwo ba faɗawa take yi cikin tumbi kamar dutse a rijiya ba, korata ake yi, kuma hanji ma da irin wannan motsi yake tura abinci har ƙarshe.

Matan da ke wanke kayan ciki sun san wannan da hannunsu. Akan kama hanji da yatsu biyu, a matse, a ja zuwa gaba, sai abin da ke ciki ya fito ta ɗaya bakin. Famfon da muke magana a kansa wannan aikin yake yi, ba ƙari ba ragi. Tiyon roba ne a madadin hanji, ƙananan tayoyi kuma a madadin yatsu. Masu ƙera shi sun ba shi suna daga sunan da likitoci ke kiran wannan motsi na hanji. Mu dai muna kiransa famfo mai matse tiyo.

Abin da ke cikin akwatin

Idan aka buɗe murfin, abu uku za a gani. Akwai bango mai lanƙwasa kamar rabin ƙwarya. Akwai tiyo mai laushi da aka kwantar a jikin bangon. A tsakiya kuma akwai faifai mai juyawa, wanda aka ɗaura wa ƙananan tayoyi, wani biyu, wani uku, wani fiye. A bayan akwatin akwai ɗan injin lantarki da giya wadda ke rage masa gudu.

Sa'ad da faifan ya juya, taya ɗaya takan danne tiyo a jikin bango har ya rufe ruf. Tana tafiya, wurin da ya rufe yana tafiya tare da ita, ruwan da ke gabanta kuma ba shi da hanyar komawa baya, sai gaba. A bayanta kuwa tiyon yakan buɗe ya koma yadda yake, kamar yadda robar danƙo ke komawa in an sake ta. Wannan buɗewar ita ce ke zuƙo sabon ruwa daga jarka. Kafin taya ta fari ta bar bangon, ta biyu ta riga ta danne tiyon daga farko. Ruwan da ya shiga tsakanin tayoyi biyu ya zama kamar ƙulli guda, ana ɗaukarsa daga wannan baki a kai shi wancan.

A nan ne dabarar take. A kowane lokaci, ko famfo yana aiki ko yana tsaye, akwai aƙalla taya ɗaya da ta rufe tiyo. Saboda haka wannan famfo ba ya bukatar bawul a cikinsa. Waɗanda suka taɓa kwance famfon tuƙa-tuƙa sun san wahalar bawul da robobin da ke can ƙasa: ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale, sai ruwa ya zurare, da safe a yi ta bugu kafin ya hau. Famfo mai matse tiyo ba shi da wannan ciwon. In aka ɗauke wuta, ruwan tanki ba zai koma cikin jarkar magani ba, maganin kuma ba zai tsiyaye cikin tanki da kansa ba.

Abu na biyu, ruwan da ake turawa ba ya taɓa ƙarfe ko kaɗan. Cikin tiyo kaɗai ya sani. Kilorin, wato maganin da ake sa wa ruwa, yana cin ƙarfe da sauri, ya sa shi tsatsa. A nan ba ya samun ƙarfen da zai ci.

Abu na uku ya fi shafarmu mu da ke ƙasar zafi. Ruwan kilorin idan ya ji zafi yakan fitar da ƙananan kumfa na iska. Akwai wani irin famfon magani mai fatar roba da ke bugawa kamar zuciya, da bawul biyu. Shi in iska ta taru a cikinsa sai ya yi ta bugawa a banza, ana jin ƙararsa ana zaton yana aiki, alhali ko ɗigo ba ya fita. Mai matse tiyo ba ya bambanta iska da ruwa. Yana kora kumfar ta wuce, maganin ya biyo baya. Ko jarka ta ƙare ya yi ta juyawa ba ruwa, ba ya ƙonewa, kuma in an cika ta zai zuƙo da kansa ba sai an ɗura masa ba.

Daga rijiya zuwa ɗakin tiyata

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1855 waɗansu mutum biyu a Amurka, Rufus Porter da J. D. Bradley, suka yi rajistar irin wannan famfo don jawo ruwan rijiya. A 1881 wani mai suna Eugene Allen ya yi rajistar nasa don ƙarin jini. Wanda ya fi fito da shi fili shi ne Michael DeBakey, ɗan Amurka wanda iyayensa suka fito daga Lebanon. A 1932, yana ɗalibin likitanci a Jami'ar Tulane da ke birnin New Orleans, ya gyara fasalin famfon don a riƙa ɗaukar jini daga jikin mai bayarwa zuwa jikin majiyyaci. Daga baya ya zama shahararren likitan zuciya, ya rasu a 2008 yana da shekara 99.

A 1953 likita John Gibbon a birnin Filadelfiya ya yi nasarar buɗe zuciyar wata yarinya ya gyara ta, alhali na'ura ce ke yi mata aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci. Irin wannan famfo ne ya riƙa juya jininta. Dalilin da ya sa likitoci suka so shi a fili yake: jini ba ya taɓa na'ura, kuma in an gama da majiyyaci ɗaya sai a cire tiyon a jefar, a sa sabo wa na gaba.

Wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda a babban asibiti ya ga wannan famfo ido da ido. Faifan da ke juyawa a gaban na'urar, da jan tiyo a naɗe a jikinsa, shi ne. Yakan tura jini kamar mililita 300 a minti ɗaya. Na'urar ƙarin ruwa da ake ratayewa kusa da gadon jarirai ma 'yar gidansu ce, sai dai ita ba ta da faifai. Tana da 'yan sanduna a jere kamar yatsu, suna danna tiyo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tatsar saniya. Akwai kuma manya, masu tiyo mai kaurin cinyar mutum, da ake tura laka da siminti da su a wuraren haƙar ma'adinai.

Ratar da ke tsakanin taya da bango

Wannan ita ce wurin da maƙeran famfon suka fi shan wahala, kuma ita ce wurin da mai gyara na ƙauye ya fi saurin ɓata shi.

A ce kaurin jikin tiyo milimita 1.6 ne. In aka matse shi, jiki biyu ne ke haɗuwa, na sama da na ƙasa, wato milimita 3.2. Idan ratar da ke tsakanin taya da bango ta kai 3.2 daidai, tiyon zai haɗu amma ba zai rufe sosai ba. Don haka akan rage ratar kaɗan, ta zama kamar 2.8, domin robar ta ɗan nutse cikin juna. Bambancin bai kai rabin milimita ba, amma shi ne aikin duka. In ratar ta yi yawa, nauyin ruwan da ke babban bututu zai riƙa turo magani baya ta ƙarƙashin taya, faifai yana juyawa, magani ba ya zuwa. In ta yi kaɗan, tayoyi za su riƙa niƙa tiyon, ya yi zafi, ya tsage kafin lokacinsa, injin kuma ya wahala.

Waɗansu famfunan ratar a kafe take, ba a taɓa ta. Waɗansu an sa wa tayoyinsu sifirin, yadda matsin zai zama ɗaya ko da tiyo ya ɗan bambanta. Waɗansu kuma suna da noti na gyara ratar. Roƙonmu ga samarin da ke da hannun gyara, kuma mun san akwai gwanaye a cikinku, shi ne kada a ɗaure wannan noti don an ga magani ya ragu. Sau da yawa ba ratar ce ta buɗe ba, tiyon ne ya gaji.

Yawan tayoyi ma yana da tasa magana. Duk sa'ad da taya ta saki tiyo a bakin fita, ruwan yakan ɗan dakata, shi ya sa yake fita tsit, tsit, ba a miƙe ba. Tayoyi da yawa suna rage wannan tsalle, amma suna ƙara yawan matsar da tiyo ke sha a kowane juyi, suna kuma rage ruwan da ke fita. A ɗakin gwaje-gwaje ana son mai taya shida ko takwas. A gindin tanki biyu ko uku sun isa, tun da maganin zai gauraye da ruwa a cikin tanki.

Lissafin da kwamiti ya kamata ya iya

Tun da kowane juyi yana ɗaukar ƙulli iri ɗaya, wannan famfo mudu ne. In ka san abin da yake bayarwa a juyi ɗaya, ka san na yini.

Bari mu ɗauki misali. A ce rijiya tana ba da lita 2,000 a awa, tana aiki awa biyar, tanki ya samu lita 10,000 a yini. A ce gwaji ya nuna ruwan yana bukatar miligiram ɗaya na kilorin a kowace lita. Na yini duka ya zama giram 10. Garin kilorin da ake sayarwa a durom, mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, in an dama giram 15 nasa a lita ɗaya ta ruwa, ana samun kusan giram 10 na kilorin a cikin wannan lita. Ke nan lita ɗaya ta wannan haɗin ita ce abincin tanki na yini. A raba ta awa biyar, mililita 200 ke nan a awa, wato mililita uku da ɗan ɗori a minti. Bai cika cokalin shayi ba.

Yanzu ga tiyo mai faɗin rami milimita 1.6. Tsawon santimita ɗaya nasa yana ɗaukar kamar mililita 0.02. In taya tana bin santimita 15 a juyi ɗaya, mililita 0.3 ke fita. Don a samu abin da muke so, faifai zai juya sau 11 a minti. Ga amsar masu tambayar me ya sa ba ya gudu. Ba lalaci ba ne, haka aka saita shi.

Ku lura da wannan da kyau. In tiyo ya fashe aka je kasuwa aka samo wani mai faɗin rami milimita 3.2, ido zai ce ninki biyu ne. Ba haka ba ne. Rami in faɗinsa ya ninka biyu, abin da yake ɗauka yakan ninka huɗu. Tanki zai sha lita huɗu maimakon ɗaya. Ruwa zai yi wari da ɗaci, mata su ce ya ɓata musu kunu da koko, a koma rafi da tsohuwar rijiya. Wannan shi ne abin da muka fi tsoro, ya fi mana ciwo a kan famfon ya tsaya cak. Famfo in ya tsaya ana gyarawa a yini ɗaya, amma mutane in sun ƙi ruwa, dawo da su yakan ɗauki watanni. Cutar amai da gudawa kuwa ba ta jira. A 2021 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, mafi yawansu a jihohin arewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, bayan kilorin ya yi minti 30 a cikin ruwa, ya kamata a samu saura miligiram 0.5 a lita, kuma a bakin famfo kada ya gaza 0.2. Wannan sauran shi ne ke tsare ruwa a hanya, a cikin jarka, da cikin randa inda ake tsoma moɗa da hannu. Ana auna shi da 'yar ƙwayar gwaji da ake jefawa cikin ruwa a ƙaramar kwalba, ruwan ya koma ja-ja, a gwada launin da na jikin kwalbar. Miligiram ɗayan da muka ɗauka a sama misali ne kawai. Kowace rijiya da nata, gwaji ne ke faɗa. Ruwa mai laka kuma sai an bar shi ya kwanta ko an tace, don laka tana cinye kilorin tana kuma ɓoye ƙwayoyin cuta.

Akwai abu ɗaya da ya shafi rijiyoyin da ke aiki da hasken rana. Da sassafe da yamma ruwa kaɗan suke bayarwa, da tsakar rana kuma da yawa, alhali famfon magani yana juyi ɗaya. Maganin wannan shi ne ko dai a haɗa shi da mitar ruwa wadda za ta riƙa ba shi umarni, ko kuwa a tabbata maganin yana shiga tanki ya gauraye kafin ya kai bakin famfo. Kuma ko ta yaya, a haɗa wayarsa yadda in rijiya ta tsaya shi ma zai tsaya.

Tiyo abin ci ne, kamar bel ɗin injin niƙa

Mai injin niƙa ba ya fushi in bel ya tsinke, ya san ranar tana zuwa, yana da wani a rataye. Haka tiyon wannan famfo yake. Ku lissafa: taya uku, juyi 11 a minti, matsa 33 ke nan a minti. A awa biyar kusan 10,000. A shekara fiye da miliyan uku da rabi, duk a wuri ɗaya. Babu robar da za ta jure wannan har abada.

Tun kafin ya fashe yakan ba da alama. Yakan baje, ya daina komawa zagaye sosai a bayan taya, sai zuƙarsa ta ragu. Faifai yana juyawa kamar kullum amma maganin da ke fita ya yi ƙasa. Shi ya sa muke so kowane wata a cire bakin tiyon, a sa shi cikin kofi mai awo ko babban sirinji, a bar famfo ya yi minti goma, a rubuta abin da ya taru a littafin kwamiti. A misalinmu ya kamata a ga mililita 33. In wata uku a jere yana sauka, tiyon ya gaji, a canja shi. In aka jira ya fashe, kilorin zai zuba cikin akwatin ya ci boris ɗin tayoyi, abin da tiyo ɗaya zai gyara ya koma sayen sabon kan famfo. Zafi, gudu, da nauyin ruwan da yake turawa duk suna rage masa kwana, don haka a yi wa akwatin inuwa, kada a kafa shi a bangon da rana ke duka.

Ba kowane tiyo ne ke yi ba, ko da girmansu ɗaya. Tiyon da ake zuƙo fetur da shi ba ya komawa in an matse shi, ba zai zuƙi kome ba. Robar tayar keke kilorin yana cinye ta. Tiyon ƙarin ruwa na asibiti an yi shi don aikin kwana kaɗan ne. Wanda ake sa wa kilorin wata roba ce ta musamman, irin su Santoprene da Norprene, kuma kowane tiyo yana da lamba a jikinsa ko a ledarsa. A rubuta wannan lamba a bangon ɗakin famfo da fenti, a ajiye tiyo biyu a wuri mai sanyi da duhu. Kada a shafa masa giris ɗin mota ko baƙin mai, suna kumbura roba. In takardar famfon ta ce a shafa wani abu, a shafa abin da ta faɗa kawai.

Wurin da tiyo ke shiga babban bututu yakan toshe da farin dutse, musamman in garin kilorin ake amfani da shi. Don rage wannan, in an dama garin a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama cikin jarka, a bar gurbin. Kada a dama fiye da na mako guda, don ƙarfinsa yana raguwa, kuma a rufe jarkar a ajiye ta a inuwa. Wanda zai dama ya sa safar hannu, ya kare idonsa, ya yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa. In za a wanke wurin da ya toshe da ruwan tsami irin na binega, sai an kwance shi an ɗauraye da ruwa mai yawa tukuna. Kilorin da abu mai tsami in sun haɗu suna fitar da iska mai ƙona huhu. Ɗakin famfo kuma ya zama da kwaɗo, makulli a hannun mutum biyu da kwamiti ya zaɓa, domin jarkar magani da jarkar ruwan sha kamanninsu ɗaya ne a idon yaro.